Takardar Garanti

Riɗin bana, buhu goma sha ɗaya,
na kai Gujungu ran Lahadi.
Kwana tara kuɗin na kwance a waya,
ko na shayi ban taɓa ba.

Wani ɗan akwati nake so, bai kai bulo ba,
mai karɓar murya ya mai da ita lissafi
ya miƙa wa kwamfuta ba tare da ya rage mata gishiri ba.
Wanda nake da shi tauna sauti yake.
Gurmin Baba Nomau in ya bi ta cikinsa
sai ya fito kamar yara na dukan gwangwani.

A Kano Alhaji Sambo ya ɗora min biyu kan gilashi.
Na farkon daga Jamus,
nauyi kamar dutsen niƙa, sanyi a hannu.
Ya sa min abin ji a kunne,
na ji numfashin da mawaƙi ke ja kafin ya buɗe baki,
na ji yatsa na goga tsirkiya.
Sai da na waiga, na zaci mutumin yana bayana.

Shekara biyu garanti, in ji Alhaji,
ya buga takardar da bayan hannu.

Na ɗauki hotonta na kawo wa Malama Lantana,
ita ce ke koyar da Turanci a sakandaren Taura.
Ta gyara tabarau, ta gangara can ƙasa
inda rubutu ke komawa ƙwayar gero.
In ya lalace, ta ce, gidan ubansa za ka mai da shi,
kuɗin jirgi daga aljihunka.
In wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona shi, babu ruwansu.
In wani ya kwance ko noti ɗaya, takarda ta mutu.
Sati takwas, ko goma sha biyu, kafin ya dawo.

Na ce, sun ambaci janareta?
Sun ambaci kiyashin da ke gina gida a cikin rediyo?
Ta yi dariya ta miƙo min wayata.

Na biyun ba shi da wannan kwarjini.
Wata shida kacal, shi ma da baki.
Amma Barau na Ringim ya buɗe ƙannensa sau uku,
ya san hanjin cikinsa kamar mahauci,
kayansa kuma ana samu a Kano, motar safe ka dawo da la'asar.
Barau ba shi da hatimi.
Yana da dalma, da gilashin ƙara gani mai tsaga,
da lambar waya da ke shiga ko da tsakar dare.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.
Ban tambayi ko zai lalace ba.
Wa zan kira ranar, shi nake tambaya.

Daren nan na bi ta zauren Baba Nomau.
Tari ya tsare shi a tsakiyar baiti,
ya jira ya wuce, ya ɗora daga inda ya tsaya.
Waƙoƙi arba'in da wani abu ke cikin ƙirjin nan,
bakwai kaɗai na ɗauka.
Sati goma sha biyu.
Na ƙirga a yatsu, na wuce damina ta fari,
ban sami wanda zai sa min hannu a kan Baba ba.

Na biyun na sayo.
Canjin na sayi sitabilaiza da doguwar waya,
na kai janareta bayan rumbu don kada ta sa baki.

Ba zan yi ƙarya ba:
har yau kunnena na tuna na Jamus,
wannan numfashin kafin kalma.
A nawa ba ya fitowa sosai.

Amma jiya mun ɗauki ta goma sha tara.
Zabin maƙwabta sun shiga ƙarshenta,
Baba ya ce a bar su.